Wa Zai Raka Inna Masar?

Jama'a barkanmu da war haka. Masu turo min saƙo kuna tambayar kalar ankon bikina, don Allah ku ajiye wannan maganar a gefe, yau ba ta anko nake yi ba. Ga wanda bai san ni ba, sunana Aina'u, shekarata ashirin da uku, na gama makarantar koyon aikin lafiya, yanzu ina tsaron wani kemis a Ɗambatta. Gidanmu yana wani ƙauye gabas da garin, inda gonar wannan take jikin katangar wancan, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabci ne zai ce maka sannu. Saura sati biyar a ɗaura min aure da Zubairu, mai sayar da hatsi a Dawanau. Saura sati biyu kuma a kai mahaifiyata Masar.

Bari in faɗa muku yadda Masar ta shigo gidanmu, mu da ko Kaduna ba mu taɓa zuwa ba.

Wata Talata da hantsi muna tsinkar gyaɗa a tsakar gida, mahaifiyata Inna Kaltume ta miƙe za ta ɗauko faifai, sai kawai ta tafi luu, ta zube a kan harawa. Na yi kanta da gudu, na kama hannunta na duba tafin, fari fat. Na ja fatar idonta, babu alamar jini. Tana farfaɗowa ta ga ni ce riƙe da ita, wallahi abin da ta fara yi shi ne zare hannunta ta gyara ɗankwali.

Kada ku ga laifinta. Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu har gobe ana kunyar ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, can na girma har Allah ya yi mata rasuwa. Inna ba ta kiran sunana, ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In tana son in ɗebo ruwa, sai ta kalli randa ta ce, "Waccan ba ta ga randa ta bushe ba ne?" Ni ce waccan. Ban taɓa jin haushi ba, don na san in na yi zazzaɓi ita ce mai dama kunu ta aiko ba tare da ta ce daga ita ba ne.

Amma kunyar nan ta kusa kashe min uwa. Bara an taɓa kai ta babban asibiti a birni. Baffa Yahya ne ya kai ta, yayan marigayi Babanmu, wanda ragamar gidan take hannunsa tun rasuwar. Ya shiga har gaban likita ya zauna yana fifita da hula. Likita ya ce, "Mama, yaya jikin?" Inna ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya ce, "Kina ganin jini ba lokacinsa ba?" To fisabilillahi a gaban yayan mijinta me za ta ce? Ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a, ɗan jiri ne kawai." Aka rubuta mata maganin ƙarin jini, suka hawo motar Ɗambatta suka dawo, Baffa yana ta cewa ai dama ya san rashin cin abinci ne.

Wannan karon ni na kai ta. Na nemi ma'aikaciya mace, na tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, bayan kwana goma sha biyu sakamako ya fito. Ciwon daji ne a bakin mahaifa. Na karanta takardar a tsaye a barandar asibiti, na shiga bayan wata mota na yi kukana na ƙoshi, na wanke fuska da ruwan leda na dawo.

Likitan ya yi min bayani tsakani da Allah. Ya ce abin ya wuce aikin wuƙa, sai gashi da na'urar da take ƙona ciwon, kullum kullum har kusan sati bakwai. Na'urorin kaɗan ne, masu jira kuwa ba iyaka, ya duba ya ce sai nan da wata biyar, shi ma in na'urar ba ta tsaya ba. Na ce wata biyar? Ya kalle ni kawai, ya ce in muna da hali mu gwada na kuɗi a Abuja. Da na buga waya na ji farashin na Abuja na faɗa wa Baffa, cire hularsa ya yi ya ɗora a gwiwa.

Hajiya Falta ce ta buɗe min ido. Babarbariya ce, iyayenta tun tuni suke zaune a Ɗambatta, kuma wajena take sayen maganin hawan jinin maigidanta. Ta same ni ina ba wani yaro canji ba daidai ba, ta ce, "Ke amarya, lafiya kike rama kamar kazar da ta yi kwanci?" Na ba ta labari. Sai ta jawo benci ta zauna, ta ce ita ma irin ciwon ne ya kai ta Alƙahira bara.

"Da can Sudan mutanenmu suke zuwa, yaƙi ya rufe hanyar," in ji ta. "Yanzu Masar ake yi. Jirgi daga Kano kai tsaye. Ki kama ɗaki ku huɗu da wasu matan, ki tafi da garin tuwonki da kukarki da daddawa. Ɗalibanmu da suke karatu a can su yi miki tafinta. In kika haɗa jirgi da ɗaki da asibiti, ni dai bai kai abin da aka ce min a Abuja ba, kuma satin da na sauka aka fara min. Kin ga kuwa ba don yawon buɗe ido muke zuwa ba, 'yar nan. Wa yake son ya yi jinya a inda ba a jin sannunsa?"

Ta ce nan da wata guda za ta koma a sake duba ta, ita da Alhajinta, in mun shirya mu bi ayarinsu. Aka sayar da gonar da Inna ta gada wajen mahaifinta da shanun huɗarmu biyu. Abin da aka samu na mutum biyu ne cif, mara lafiya da ɗan rakiya ɗaya. Ranar da na kai Inna yin fasfo, ni ma na miƙa kaina aka ɗauke ni hoto, da kuɗin adashina, ban gaya wa kowa ba.

To a nan rigimar take. Baffa ya tara mu a gindin darbejiya ya yanke cewa Kawu Abba, ƙanin Inna, shi zai raka ta.

Na durƙusa na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ni ya kamata in je."

"Ke? Amaryar da saura sati biyar? Kayan ɗakinki ne jibge a ɗakin can, gado, katifa, kwalla, har labule an ɗinka. Abba muharraminta ne, namiji ne, zai iya shiga ya fita."

"Baffa, ai ba mu kaɗai ba ne, ayarin Hajiya Falta za mu bi, da maigidanta da wasu mata uku. Na tambayi Liman, ya ce babu laifi. Kuma Inna ba za ta iya gaya wa Kawu Abba abin da yake damunta ba."

"Ke ɗin za ta gaya wa? Ke da ko sunanki ba ta faɗa?"

Gaskiya ya faɗa. Inna tana daga bakin ƙofar ɗakinta, ta rufa da mayafinta mai ruwan ƙasa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da Baffa ya ce, "Kaltume, ko ba haka ba?" sai ta ce, "Yadda ka ce, Malam."

Shi kuwa Zubairu, kun san shi da rubutu kamar mai wasiƙar neman aiki. Ina kemis saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe amaryata, ya mai jiki? Na ji wata magana ban gane ba."

Na rubuta, "Gaskiya ce. Ina son in raka Inna. Sati bakwai ne ko takwas."

Ya yi ta rubutawa yana gogewa, ina kallon wayar. Can ya turo, "Aina'u, kin san bikin nan haɗe yake da na yayana Fatihu. Rana ɗaya, girki ɗaya, an buga kati. Hajiyarmu ta ce amare biyu za a kawo mata rana ɗaya."

"To a ɗaura ba na nan, in na dawo in tare."

"Na faɗa musu haka wallahi. Sun ce ba a taɓa yi ba a gidanmu, wai dangi za su ce amaryar gudu ta yi. Ki bari Kawu Abba ya je mana, ni zan riƙa saka miki data kullum ku yi bidiyo."

Data! Kun ji fa. Na so in yi dariya, sai hawaye ya riga ta. Ina son Zubairu, ba zan ɓoye muku ba. Shekara biyu yana tahowa daga Dawanau ranar Juma'a da ƙurar gero a gashin girarsa, da 'yar ledar tsire da ya san ba zan ci a gabansa ba. Ba shi da mugun hali, tsoron ɓacin ran Hajiyarsa ne ya yi masa yawa. Na rubuta masa, "Uwa ɗaya gare ni, Zubairu." Ya turo min hoton fuska mai kuka har uku, ya ce yayan mahaifinsa zai zo wajen Baffa ranar Alhamis da la'asar a ƙarƙare magana.

Ranar Alhamis ɗin da safe, ɗalibin da Hajiya Falta ta haɗa mu da shi ya turo min takarda ta WhatsApp daga likitar Alƙahira. Tambayoyi goma sha huɗu ne, ya ce sai an amsa su dalla-dalla kafin ta rubuto takardar da za a nemi biza da ita, kuma yau take so. Na karanta su. Babu guda ɗaya da 'ya za ta iya kallon idon uwarta ta yi mata, balle ni.

Na rufe kemis tun kafin azahar na hau mashin na koma gida. Na cire hijabin aiki, na ɗaura zanen atamfata mai ganyen kuka wanda ya koɗe, na ɗauki biro da littafi. Inna tana ɗakinta a kan tabarma, ta jingina da buhun dawa, tana tsince wake a faifai a hankali. Ɗakin yana warin turaren wuta fiye da kima, sai a lokacin na gane dalilin da ya sa ta daɗe tana yawan turara shi.

Na yi sallama, na ce, "Inna, likita ta aiko da tambayoyi."

"A ba Abba ya amsa."

"Kawu Abba bai san amsarsu ba."

Ta koma kan faifanta. Wake kawai nake ji yana faɗawa kwarya. Na tsaya kamar an dasa ni, zuciyata tana cewa fita, wata tana cewa in kika fita kin kashe ta. Sai na ja buhun dawar gefe, na zagaya bayanta na zauna, na juya fuskata ga bango, bayana yana kallon bayanta. Ban taɓa ta ba, tsakaninmu kamar tafin hannu.

Na ce, "Inna, ba na ganinki, ba kya ganina. Ba ni ce nake tambaya ba, likita ce. Ki ɗauka wata ma'aikaciya ce daga birni. Abin da kika faɗa daga littafin nan sai wayar likita, na rantse da Allah."

Ba ta ce to ba, amma ba ta tashi ba. Na fara da mai sauƙi.

"Haihuwa nawa?"

"Tara. Huɗu suna raye."

Ni shida na sani. Na rubuta tara.

"Bayanki yana ciwo?"

"Yana yi. Har ƙafar hagu."

"Tun yaushe?"

"Tun shukar bana."

Da wannan ƙafar ta yi noman farko da na biyu a 'yar gonar kuɓewarta, ina wucewa ina ce mata sannu da aiki. Na ci gaba. Na tambaye ta fitsari, na tambaye ta cin abinci, na tambaye ta tsumma nawa take canjawa a yini. Duk tana amsawa ƙasa-ƙasa, da bango take magana ba da ni ba. Da ta ce shida, wani lokacin bakwai, sai da na ciji bayan hannuna don kada ta ji sautina. A ina take wanke su, a ina take shanya su, muna gida ɗaya ban taɓa gani ba?

Na zo ta ƙarshe. "Yaushe kika fara ganin jinin?"

Ta ajiye faifan a gefe. Sai ta ce, "Damina uku ke nan."

"Uku, Inna? Ba bara ba?"

"Uku. Lokacin waccan tana shekarar farko a makarantar asibiti." Ta ja numfashi. "Da na faɗa, Malam cewa zai yi ta dawo gida ta yi jinya. Ga shi ubanta ya rasu da burin ya ga ta gama. Na ce bari ta gama. Da ta gama kuma sai ga maganar aure, na ce bari a kai ta ɗakinta tukuna."

Jama'a, ni ban san lokacin da littafin ya jiƙe ba. Ashe duk takardar shaidar da na sa aka yi wa gilashi na rataye a kemis, da jinin matar nan aka biya ta. Na so in juya in rungume ta, na san in na yi haka ba za ta ƙara buɗe baki ba, sai na zauna yadda nake, na ɗauki hoton shafin na tura.

Ba a yi awa ɗaya ba ɗalibin ya turo saƙon murya. Na kunna a hankali, mu biyu muna ji. Ya ce likita ta gani, ta ce kada a ƙara ko sati ɗaya a kan ranar da aka sa. Ta ce kuma a zo da mace wadda za ta kwana da ita, don gashin yana sa gudawa da ƙuna a wurin da namiji ba zai duba ba, kuma kullum da safe za a tambayi yadda ta kwana, ana son amsa ta gaskiya.

Inna ta ce wa bango, "Ba na son a ce na ɓata wa yarinya aure."

Na ce wa nawa bangon, "Yarinyar ta ce in an fasa don wannan, dama ba nata ba ne."

Ana idar da sallar la'asar na ji tsayawar mota a ƙofar gida. Alhaji ne, yayan mahaifin Zubairu, cikin farar shadda da hula zanna, an shimfiɗa musu darduma a zaure shi da Baffa. Aka ce in kai ruwa da fura. Na zura dogon hijabina ruwan toka, na saka fasfo ɗina a aljihun siket, na ɗauki tire. A al'ada ajiyewa zan yi in gaishe su in fice da sauri kamar ana kora ta. Na ajiye, na gaishe su, na ƙi tashi.

Baffa ya ce, "To madalla, jeki."

"Baffa, ina da magana."

Ya zaro ido. "A nan? Wa ya kira ki?"

"Babu kowa." Na ci gaba. "Alhaji, ka gafarce ni, na san ba tarbiyya ba ce. Ciwon Inna ya fi yadda aka gaya muku. Likita ta ce mace za ta raka ta, kuma ni ce macen. Ba na ƙin Zubairu, ba na raina gidanku. In za a jira ni sati takwas, na gode har ƙarshen raina. In ba za a iya ba, ba zan riƙe kowa a zuciya ba." Na ciro fasfo ɗin na ajiye a gefen tire.

Baffa ya kalli fasfo ya kalle ni. "Yaushe kika yi wannan? Aina'u, ni za ki kunyata a gaban baƙo? To ki ji da kyau, in kika taka jirgin nan, ba ni zan je Dawanau ba da haƙuri ba."

"Na ji, Baffa."

Alhaji ya gyara zaman hularsa, ya ce cikin sanyin murya, "Yarinya, Allah ya ba ta lafiya. Amma mu rana ɗaya muka sa, kuma mun gaya wa duniya. Ita mahaifiyar taki ai ta amince ƙaninta ya kai ta, ko ba haka aka ce min ba, Malam Yahya?"

"Haka ne," in ji Baffa. "Da bakinta."

Sai muka ji motsi a bayan ƙyauren da ya raba zaure da cikin gida. Inna ce, ta dafo bango tun daga ɗakinta. Matar da shekara ashirin da biyar ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba, ba ta taɓa leƙo zaure da baƙo a ciki ba. Ba ta shigo ba, gefen mayafinta kawai muke gani.

"Malam," ta ce, "a yi min afuwa. Da ita zan tafi."

Alhaji ya ajiye ludayin furar da bai kai baki ba, ya tattara babbar rigarsa, ya ce to shi zai koma ya isar da abin da ya ji. Baffa ya bi shi waje yana kiran "Alhaji, Alhaji, tsaya mana."

Ni ban bi ta kansu ba, don na ga mayafin yana zamewa ƙasa a jikin ƙyaure. Na yi tsalle na tare ta kafin ta kai ƙasa. Wayata ta fara ruri a aljihu, na san Zubairu ne, sautin kiransa daban na sa masa. Ta yanke, ta sake ruri. Hannuwana biyu suna riƙe da Inna, babu wanda zan saki in ɗaga da shi. Na ɗauke ta cak zuwa ɗaki, ni kaɗai, ba tare da na yi nishi ba, kuma wannan karon ba ta zare jikinta ba.